Zanen da ba shi da inuwa ba ya kiran mai saye

Maganar yau daga cikin gidanmu ta fito, kuma da kuɗin gwaggona aka biya karatun.

Gwaggon tawa ta fi shekara 20 tana tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a Maradi. Da can a tire da kwalabe take sayarwa, ba suna ba alama, wanda ya san ta ya san ta. Bara wasu masu kanti suka ce mata suna son kayanta, amma ba za su jera leda tsirara a kan kanta ba, sai da etiket, wato ƴar takardar nan da ake mannawa a jikin leda ko kwalba. Aka haɗa ta da wani saurayi ɗan unguwa mai zane a salula da kwamfuta. Ya zana mata wata mace mai fara'a ɗauke da tire, ga ƙuli-ƙuli ga kwalbar mai, irin zanen katun ɗin nan da yara ke kallo a tele suna ce masa desan anime. Gwaggo ta duba a cikin waya, ta ce madalla, ta biya, aka buga guda 1000.

Da aka manna ta farko aka fito da ita hasken rana, sai aka ga abin da ba a gani ba a waya. Kwalbar ta yi kama da kwalin da aka yanka da almakashi. Matar da tiren da bangon da ke bayanta duk sun manne wuri guda kamar an bi su da dutsen guga. Shi kuwa ƙuli-ƙulin ya koma wasu ɗige-ɗige masu duhu, har wata mai saye ta nuna hoton da yatsa ta tambaya ko kashin awaki aka zana. A ce kowace takarda ta tsaya dala biyar, dubu ɗaya jika 25 ke nan, ban da ladan mai zane. Mai tuya ta san gumin da ke cikin jika 25.

Da dare Gwaggo ta kira ni ta ce: "Ɗana, tun a wayar nan raina bai kwanta da shi ba. Amma me zan ce wa yaron ya gyara? Ni ban yi lakwal ba."

Wannan tambaya ce ta sa na bi sawun abin, na zauna da masu zane ina kallon yadda suke aiki. Abin da na gano shi ne, gyaran zane ba ya neman takardar lakwal. Idon da ke gane tumatirin da ya kwana tun daga nesa ya isa ya gane zanen da haskensa da inuwarsa ba su zauna daidai ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya san inda zai duba da kalmar da zai faɗa wa mai zane, tun kafin injin buga takarda ya tashi.

Hoto ne ke magana kafin mai kaya

Ku tuna yadda ake tambayar kaya a kasuwanninmu, ko a babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole a Zinder, ko Katako a Yamai. Mai saye ba kasafai take karanta sunan Faransanci da ke jikin kwali ba. Cewa take a ba ta magi mai tauraro, ko cukun nan mai jan saniya. Wannan saniya mai dariya da ƴan kunne, ta La Vache qui rit, alama ce da aka yi wa rajista a Faransa tun 1921, kuma wani mai zane da ake kira Benjamin Rabier ne ya fitar da kamanninta a cikin shekarun 1920. Yau fiye da shekara ɗari ke nan tana sayar da cuku har ga mutanen da ba su taɓa jin sunan kamfanin ba.

To, abin da manyan kamfanoni suka daɗe da ganewa shi ne yanzu ya iso ga mai kilishi da mai yaji da mai turaren wuta da mai sabulun gida. Ga etiket, ga allon bakin shago, ga hoton talla da ake sakawa a WhatsApp da Facebook. Samari da ƴan mata da yawa sun koyi zane a waya da manhajoji irin su ibisPaint da Canva, wasu kuma a kwamfuta da Photoshop ko CorelDRAW ko Krita, wadda ake samu kyauta. Akwai ƴan kasuwa da ba su son a zana musu mutum ko dabba saboda abin da suka ji daga malamansu. Wannan magana ta shafe su su ma, domin albasa da buhu da kwalba duk sai da inuwa suke fitowa.

Inuwa ce ke ba abu jiki

Mu a Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage. Marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, yana cikin na farkon waɗanda suka yi fim ɗin katun a Afirka. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin wani shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara ƙasar waje. Ya zauna shekaru a Tahoua yana aikinsa, ya rasu a 2015. Abin lura a tarihinsa shi ne, tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe kamara, da fitila da inuwa ya fara: yana yanka siffofi yana haska su, ƴan gari suna taruwa suna kallon inuwarsu tana motsi.

Wanda ya san unguwar Birni a Zinder ya san gidajen da aka yi wa ado da zanen da ya taso a jikin bango. Idan rana ta bugi bangon daga gefe, kowane layi yana jefa ƴar inuwarsa, adon ya fito ɓaro-ɓaro. Ranar da aka yi lumshi kuwa, sai ka ga kamar an share shi, alhali yana nan. Haka zanen takarda yake.

Gobe da safe, kafin ciniki ya buɗe, ki ɗauki tumatir guda ki ajiye a kan farin tire inda rana ke bugunsa. Za ki ga abubuwa biyar. A gefen gabas akwai wani ɗan wuri mai ƙyalli kamar an ɗiga ruwa. Kewaye da shi akwai jan tumatir na asali. Gefen yamma ya fi duhu, wannan ita ce inuwar jiki. A can ƙasan gefen mai duhu akwai ɗan haske kaɗan, wanda tire ya maido masa. Sannan ga inuwar da tumatirin ya jefa a kan tire, ta miƙe ta nufi yamma, kuma ta fi baƙi daidai inda tumatirin ya taɓa tiren. Waɗannan abubuwa ne ke gaya wa ido cewa abin nan mulmulalle ne, yana da nauyi, kuma a zaune yake.

Zanen katun ba ya bukatar duka biyar. Yawancin katun da yara ke kallo launi biyu ko uku ne a kowane abu: launin asali, da mai duhu don inuwa, da ɗan ƙyalli. Bakin inuwar ma a yanke yake tsaf, ba a dama shi ba. Amma akwai sharaɗi guda da ba a tsallakewa: hasken ya fito daga wuri ɗaya. Idan rana tana hagu, inuwar fuska da ta tire da ta kwalba duk su faɗi dama. Masu zane da suka ƙware sukan ɗiga ƴar alamar rana a kusurwar shafi kafin su fara shafa launi, don kada su manta, sai sun gama su goge ta. Don haka tambaya ta farko da za ki yi wa mai zane ita ce: a cikin hoton nan, daga ina rana take? Idan ya tsaya yana sosa ƙeya, an gano bakin zaren.

Kurakurai huɗu da aka fi gani

Na farko shi ne rashin inuwar ƙasa. An zana kwalba mai kyau amma ba a yi mata ko ɗan duhu a gindi ba, sai ta zama kamar tana lilo a iska. Wannan gyaran minti biyu ne, kuma shi ya fi saurin canja hoto.

Na biyu shi ne yin inuwa da baƙin launi. Sabon mai zane yana ganin inuwa baƙa ce, sai ya ɗebo baƙi ya shafa. A jikin abinci wannan ɓarna ce babba: tumatir ya zama ruɓaɓɓe, ƙosai ya zama ƙonanne, fuskar mutum ta zama kamar ya fito daga gidan gawayi. Wannan ne ya faru da ƙuli-ƙulin Gwaggo. Inuwar gaskiya launin abin ne da kansa ya ƙara duhu, galibi ya ɗan karkata zuwa shuɗi ko ruwan makuba. Inuwar jan tumatir ja ce mai duhu, ta lemo ruwan goro ce mai duhu. A cikin manhajojin zane ana aiki ne hawa-hawa, kamar a jera ledoji masu haske a kan juna, layi a wata, launi a wata, inuwa a wata. Masu zanenmu suna ce wa kowane hawa kalk. Akwai kuma maɓallin da ke sa launin hawan sama ya duhunta na ƙasa ba tare da ya rufe shi ba. Amfanin sanin wannan a gare ki shi ne, idan yaron ya ware inuwa a nata hawan, rage ta ko canja launinta ba ya cin lokaci. Idan ya ce sai dai a sake zanen daga farko, to ya cakuɗa komai wuri guda ne.

Na uku shi ne a bi gefen abu duka a duhunta shi, a bar tsakiya da haske. Mai yin haka bai zaɓi inda rana take ba, ya bi layi ne kawai. Sakamakon shi ne fuska da hannu da buhu duk su kumbura kamar balan-balan, ko kamar tukunyar da hayaƙi ya zagaye.

Na huɗu shi ne a ba kowane abu ƙyalli iri ɗaya. Kwalbar mai tana da santsi, ƙyallinta dogo ne mai kaifi, kuma haske yana ratsa man ya fito ta ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli da kilishi suna da kaushi, ba su ƙyalli sosai, ƙananan inuwoyi ne ke nuna su. Atamfa kuwa a wurin ninki take yin duhu. Idan aka sa wa ƙuli-ƙuli ƙyallin kwalba, roba zai zama. A nan babu wanda ya fi mai kaya sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kusa da nesa a kan takarda

Bayan inuwa sai zurfi, wato ido ya gane abin da ke gaba da abin da ke baya. Takarda shimfiɗaɗɗa ce, don haka dabara ake yi mata, kuma duk dabarun muna ganinsu kullum.

Ki tsaya a bakin layin ƴan hatsi ki duba. Buhun da ke gaba ya rufe rabin na bayansa. Mutumin da ke kusa babba ne, na ƙarshen layi ƙarami. Ƙafafun na kusa suna can ƙasa, na nesa kuwa kamar sun ɗan hau sama. Waɗannan uku, rufewa da girma da wurin tsayuwa, su ne tushe. Sabon mai zane yana jin tsoron wani abu ya rufe wani, sai ya jera komai ɗai-ɗai kamar kayan lefe. Ki ce masa ya bar kwalba ta shiga gaban tire, hannu ya rufe gefen leda.

Ta huɗu ita ce dabarar hazo. Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Zinder da hunturu ya ga yadda itacen bakin hanya yake da duhu da kaifi, na bayansa ya dusashe, na can nesa kuwa ya kusa narkewa cikin sama. Mai zanen Italiya Leonardo da Vinci, wanda ya mutu a 1519, ya yi rubutu a kan wannan: abin da ke nesa launinsa yana raguwa, yana komawa shuɗi-shuɗi. A zanen talla ma'anarsa ita ce, kayan sayarwa su ɗauki launi mai ƙarfi, bango da rumfa da itatuwa kuma a kashe musu launi. Ja da rawaya da ruwan goro suna matsowa gaba, shuɗi da toka suna ja da baya.

Ta biyar ita ce kaurin layi. Abin da ke gaba a kewaye shi da layi mai kauri, na baya da siriri. A hoton Gwaggo layin da aka zana bulon bango da shi kaurinsa ɗaya da na fuskar matar, shi ya sa ido ya rasa wanda zai fara kallo.

Masu katun sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1937 kamfanin Walt Disney na Amurka ya fara aiki da wata kamara mai hawa-hawa: ana zana gaba da tsakiya da baya a kan gilasai dabam-dabam, a jera su da tazara, a ɗauki hoto daga sama. Abin da a wancan zamani ya ci ɗaki guda da ma'aikata, yau yaro yana yin irinsa a cikin salula. Ka'idar dai ba ta canja ba: kowane hoto ya kasu uku, gaba da tsakiya da baya, kuma kayanki su zauna inda hasken ya fi ƙarfi.

Gwaji shida kafin a biya

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ga gwaje-gwajen da ba su cin ko dala, kuma masu zane na ƙwarai su ma da su suke aiki.

Na ɗaya, ki lumshe ido kaɗan ki kalli hoton. Ƙananan abubuwa za su ɓace, haske da duhu kawai za su rage. Idan har yanzu kina gane kayanki, zanen ya tsaya. Idan komai ya zama dunƙule guda, da saura.

Na biyu, ki sa a mai da hoton baƙi da fari, kowace salula mai kamara tana yi. Ja da kore suna iya bambanta a ido alhali duhunsu ɗaya ne. Idan aka cire launi kayan suka nutse cikin bango, sai an ƙara wa ɗaya haske ko duhu.

Na uku, ki gan shi a girman da za a buga shi. Zanen da ya cika fuskar kwamfuta zai iya komawa faɗin kwalin ashana a jikin leda. Sannan ki ja da baya taku biyar, domin daga nan mai saye ke hango shi.

Na huɗu, ki nuna wa wanda bai san labarin ba, yaro ko tsohuwa ko mai turin baro. Kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, domin kunya za ta sa ya ce ya yi. Ki ce masa: me ka gani a nan? Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne abin da hoton ke sayarwa.

Na biyar, ki kalle shi a madubi. Idon da ya saba da hoto yana daina ganin karkatarsa, amma da an juya shi sai karkataccen baki da ido guda da ya fi ɗaya girma su bayyana.

Na shida, wanda ya fi duka: a buga guda ɗaya tak kafin a buga dubu. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa launi daga ja da kore da shuɗi. Injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai haske da ruwan hoda da rawaya da baƙi, kuma takarda ba ta da hasken kanta. Shi ya sa abin da aka buga yakan fi na waya duhu, kore da shuɗi masu ƙyalli su dusashe, inuwa kuma ta ƙara nauyi. Ki manna gudan nan a jikin kayan, ki fita da shi rana, ki shiga da shi inuwar rumfa. Mai man gyaɗa ta ɗiga masa mai ta gani, mai zoɓo da kunun aya ta sa shi cikin kula da ƙanƙara, domin wata tawadar da ta ji ruwa take zuba. Haka kuma kada a kai wa mai bugawa hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi. A tura shi a matsayin fayil. Masu bugawa suna son ɗigo 300 a kowane inci, wato santimita biyu da rabi da ɗan ɗoriya, in ba haka ba gefen layi ya fito da zara-zara.

Waɗannan gwaje-gwaje sun hau kan hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa a yanzu. Suna da ƙyalli mai ɗaukar ido, amma a ƙirga yatsun hannu, a duba rubutun, a kuma tabbatar abin da ke cikin tiren ƙuli-ƙuli ne ba biskit ɗin Turai ba.

Yadda ake faɗin gyara

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai gyara yana da hanya. Kalmar "bai yi ba" ba ta taimakon kowa, haka ma "ka ƙara masa kyau". Mai zane zai koma gida ya canja abin da ba shi ne matsalar ba, ku sake haɗuwa kowa ransa a ɓace. Gyara mai amfani yana da abu uku: ina ne, me ido ya gani, kuma me hakan zai jawo a ciniki. Misali: "Ɗan nan, dubi gindin kwalbar, kamar ba ta taɓa tire ba." Ko kuma: "Ƙulin ya yi duhu, mai saye za ta ce ya ƙone." Ke ki faɗi ciwon, shi ya nemo maganin, domin wannan sana'arsa ce.

Ki fara da abin da ya yi daidai, don ya san wanda ba zai taɓa ba. Ki tsaya a kan gyara biyu ko uku mafi girma a zama ɗaya. Kada ki yi masa a gaban abokan ciniki, ki ja shi gefe. Kada kuma ki tara ra'ayin mutum goma ki juye masa, wannan na son ja wancan na son kore. Ki saurari kowa, ki tace, ki kai masa magana ɗaya.

Lokacin gyara ma yana da muhimmanci. Tela ba ya jin daɗin a ce a canja ɗinki bayan ya yanka yadi. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa za ki ga aikin sau uku: lokacin da yake zanen fensir, lokacin da aka ja layi aka sa launi, da lokacin da aka sa inuwa. Matsar da kwalba a matakin farko aikin minti ɗaya ne, a mataki na ƙarshe kuwa aikin yini. Ku ƙayyade sau nawa za a gyara a cikin kuɗin da kuka shirya, ku kuma amince cewa zai ba ki asalin fayil ɗin idan ya gama, don kada ranar da wayarsa ta ɓata alamarki ta bi ta.

Abu guda da ba gyaran ido ba ne amma ya fi duka nauyi: kada hoto ya yi ƙarya. Idan an zana ƙuli-ƙuli manya-manya a waje alhali na ciki ƙanana ne, sau ɗaya za a saya. Kada kuma a kwaikwayi alamar wani don a ruɗi mai saye.

Ku kuma samari da ƴan mata masu zane, kalma biyu. Yabon abokai a Facebook daɗi gare shi amma ba ya ƙara ilimi. Idan za ku nuna aiki, ku yi tambaya mai kai: daga ina kake ganin hasken ya fito? Me idonka ya fara sauka a kai? Idan an faɗi gyara, ku rubuta, ku kwana a kansa kafin ku kare kanku. Sannan kowane dare ku ajiye ƙwai ko lemo ko buta a ɗaki mai duhu, ku haska da tocila daga gefe guda, ku zana abin da kuka gani da launi uku kawai. Gobe ku matsar da tocilar. Wata ɗaya na wannan ya fi sauke sabuwar manhaja goma.

Yadda ta ƙare da Gwaggo

Bayan kwana biyu Gwaggo ta aika aka kira yaron. Ya zo yana ɗari-ɗari, yana zaton kuɗinsa za a ce ya maido. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye tiren ƙuli-ƙuli da kwalbar mai a tsakar gida inda hantsi ke bugu, ta ajiye takardarsa kusa da su. Ta ce: "Yaro, fuskar matar nan ta yi, kada ka taɓa ta. Amma dubi nawa, dubi naka. Nawa ja ne, naka baƙi. Kwalbata a zaune take, taka tana tashi sama. Bangon nan kuma me yake nema a gaba?"

Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Daga baya ya ce: "Hajiya, a ba ni tiren in tafi da shi." Ta ba shi, har da na ci a hanya.

Da ya dawo, ya kashe launin bango, ya sa rana a hagu, ya mai da inuwar ƙulin ja mai duhu, ya ɗiga duhu a gindin kwalba, ya ja mata dogon ƙyalli a kafaɗa. Aka buga guda ɗaya. Gwaggo ta miƙa wa jikarta mai shekara biyar ta ce me ta gani, yarinyar ta ce ƙulin Kaka, ta kai takardar baki. A ranar aka ba da izinin buga sauran.

Tsoffin takardun nan dubu kuwa suna nan, jikoki sun manne ƙofar ɗakin girki da su tun daga sama har ƙasa. Gwaggo ta hana a ɓamɓare, ta ce duk wadda ta zo neman shawarar yin etiket, nan za ta fara kai ta.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.